Muryar da Na Ba Da Aro

Kwana goma sha ɗaya na yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a Sapporo,
bango duk soso, babu taga,
injiniya Nagumo a bayan gilashi yana ɗaga mini yatsa.
Ba waƙa suka ce in yi ba.
Ka, ki, ku, ke, ko. Sake. Ɗaga kaɗan. Sake.
Gaɓoɓi tsirara, marasa dangi,
har harshena ya manta abin da aka yi shi dominsa.
Ran ƙarshe ya ce, "Fumie, numfashi kawai."
Na ja iska sau arba'in, suka kwashe suka adana,
don ita ba ta da huhu,
kuma kunne ba ya yarda da muryar da ba ta gajiya.

Aka biya ni. Na sayi takalmin ƙanƙara,
na rufe bakin mai gidan haya wata uku.

Sai ga ta a jikin kwali:
shekara goma sha bakwai, tsawo kaza, nauyi kaza,
gashi ruwan toka har gwiwa,
ranar haihuwarta ranar da ta hau kantar shago.
Ba uwa, ba gari, ba tarihi.
Da gangan aka bar gurbin, kowa ya zuba nasa.
Wani ya zana ta da karyayyiyar lema, don raha,
zanen ya bazu kamar wutar daji.
Yau ko kamfanin bai isa ya karɓe lemar daga hannunta ba.

Shekara goma sha tara ke nan.
Ni ina yanka kifi a kasuwar Otaru tun kafin rana ta leƙo,
sanyi da kiran masu saye sun dusasar da maƙogwarona.
Ita tana nan a sha bakwai ɗinta, ko furfura ɗaya.
Ta yi waƙa dubu nawa ban sani ba,
da saurin da zai karya haƙoran mai rai,
ta faɗi kalmomin da ban taɓa furtawa ba,
ta yi wa mutanen da ban sani ba alkawari.
Wani direban jirgin ƙasa, Teppei, ya rubuto mini
cewa da ita ya yi wa ɗansa da ya rasu bankwana,
dare shida yana gyara rawar harafi ɗaya a allon kwamfuta
har sai da ta yi kuka daidai.
Me zan amsa masa? Ban je ba. Amma ni ce.

Sau ɗaya na halarci wasanta, a can baya, kusa da ƙofa.
Haske ne kawai a kan gilashi,
dubban hannuwa na kaɗa sandunan fitila.
Kafin baiti na biyu ta ja numfashi,
na gane shi: na ashirin da uku,
wanda na ja ina tunanin miyar da na bari a wuta.

Ranar Lahadi nakan je gidan tsofaffi wajen mahaifiyata.
Tun bara ta daina sanin fuskata,
tana gode mini kamar baƙuwa in na ɓare mata lemo.
Makon jiya rediyon ɗakin ya saki yarinyar.
Tsohuwa ta miƙe wuya, ido ya kawo ruwa,
ta kama hannuna ta ce,
"Yi shiru, baiwar Allah. 'Yata ce. Fumie ce."

Na yi shiru.
Muka saurare ta tare har ƙarshe,
ɓawon lemo a cinyata,
ƙanƙara na sauka a kan tashar jiragen ruwa.
Da zan tafi ta ce in na gamu da ita
in ce ta riƙa sa rigar sanyi.
Na ce zan faɗa mata.