Zuga-zugin Ruwa

Ƙarfe biyun dare, Maradi ta kwanta,
sai ni da kwamin siminti a bayan majema,
inda ruwan da ya wanke fatar jar akuya
ke taruwa, baƙi wuluk, da warinsa.

Aikina in ba shi iska.
Akwai masu rai a ciki da ido bai ganinsu,
su ke cin dauɗar,
ni ke aika musu numfashi ta bututu.

Shekara tara tsohon injin na ruri,
dare da rana murya guda,
kamar mai talla da ba a faɗa wa kasuwa ta watse ba.
Ƙarshen wata in takardar kuran ta zo,
Alhaji Barmo a tsaye yake fara karatu,
a zaune yake ƙarewa.

Sai Habsu ta dawo daga karatu a Yamai
da sabon injin da bai kai buhun gero biyu ba.
Ta zura ɗan sanda cikin ruwan, ta ce,
"Illa, wannan shi ke jin yunwarsu.
In sun ƙoshi, injin zai sassauta da kansa."
Na yi dariya. Yaushe ƙarfe ya koyi kawaici?

Daren farko na zabura daga kan benci,
na ce shi ke nan, ya mutu.
Na haska tocila:
kumfa ce ke tasowa ƙanana-ƙanana,
kamar kunu a kan garwashin asuba.

Nan na tuna Baba a maƙerarsa ta Bagalam,
ni yaro, zuga-zugi a hannu,
ina zugawa da dukan ƙarfina don a yabe ni.
Ya dunguri ƙeyata:
"Kai, gawayi kuɗi ne!
Dubi wutar. Ita za ta ce ƙara, ita za ta ce bari."

Shekara talatin maganar na kwance a ƙeyar nan.

Yanzu takarda ta rame, Alhaji ya daina neman kujera.
Ruwan na gangarawa lambunan bakin gulbi,
garai-garai, ana ban ruwan zogale da shi.

Ni kuwa kunnena bai saba ba tukuna.
Ashe duk shekarun nan akwai kwaɗi a fadama,
suna ta kuka,
ban taɓa ji ba.