Gurnanin Ampili

Tun kafin kiɗa ya shigo, shi ke fara yin sallama.
Na murza maɓalli, jar fitila ta buɗe ido,
sai ga shi nan, mmm,
kamar rina ta yi ɗaki a cikin tulu,
kamar tsohon da ya ƙi magana, ya kuma ƙi yin shiru.

Daga Abijan ampilin nan ya zo Tawa,
naɗe cikin bargo, bisa cinyar yayana Abarshi,
kwana uku a mota bai yarda a ɗora shi cikin kaya ba.
Da zai koma ya ce, "Riƙe mini, amana."
Damina tara ke nan.
Abarshi bai zo ba, amanar ta soma tsaki.

Da rana ba na jin sa sosai.
Babura na wucewa, injin niƙa na tari a bayan gida.
Amma bayan isha'i, in garin ya kwanta,
in mai garaya ya ɗaga yatsa ya numfasa,
a 'yar kafar nan da shiru ya kamata ya zauna,
nan yake shimfiɗa tabarmarsa.

Na sauya waya. Na raba shi da firigo.
Na kafa ƙarfe a tsakar gida,
na zuba masa gawayi da gishiri, na shayar da shi kamar dashen mangwaro.
Tasalla ta ce, "In ya yi 'ya'ya ka tsinko mini."

Ran Lahadi na ɗauke shi zuwa rumfar Nomau,
mai gyara, mai tabarau ɗaure da zare.
Bai taɓa turnabis ba tukuna.
Ya ce, "Cire lasifika, duka biyun."
Na cire. Ya kara kunne a jikin akwatin
kamar mai sauraren cikin akuya.
"Ka ji? Ba bakinsa ke ciwo ba, ƙashinsa ne."

Ya buɗe, ya nuna mini taransifo,
baƙin dunƙule mai nauyin dutsen niƙa.
"Falle-falle ne, ƙarfe bisa ƙarfe,
da can a manne suke kamar 'yan ɗaki ɗaya.
Zafin garin nan ya cinye abin da ya haɗa su.
Kuran na shiga yana fita sau hamsin a daƙiƙa,
su kuwa suna kaɗa haƙora."

Ya yanko tsohon tuyub na babur, ƙwaya huɗu,
ya sa wa kowace ƙafa takalmi.
Ya ɗiga berni a tsakanin fallayen, ya ce a bar shi ya sha.
Ya ɗaure bis, ba da ƙarfi ba,
"In ka matse shi da yawa, akwatin zai karɓi kukan."
Jaka ɗaya da rabi, har da nasiha:
"Sauke shi daga teburin katako. Tebur ganga ne."

Daren nan na kunna.
Na tsuguna, na riƙe numfashi.
Sai da na manna kunci a ƙarfen
na jiyo shi can nesa, ya yi laushi,
kamar mota ta fice gari ta kama hanyar Ƙonni.

Ƙarfe sha ɗaya aka ɗauke kuran.
Jar fitila ta rufe ido, fanka ta tsaya,
unguwa duka ta yi tsit.
Ni kuwa ina zaune cikin duhu, mmm,
yana nan, a kunnen hagu, inda ya saba zama.

Na faɗa wa Tasalla. Ta juya bisa katifa,
ta ce, "To, wannan wa zai ɗaure masa bis?
Kwanta. Gobe ka kira Abarshi."