Maginin da Ya Koma Kafa Gora

Shekara talatin ina ci da cokalin gini
a bakin tekun Jawa.
Sau uku na ɗaga daɓen masallacinmu,
har sai liman Mustajab ya sunkuya yake shiga.
Ƙofa ta gajarce, ruwa bai gaji ba.

Duk gari teku muke zagi.
Sai ga Retno, injiniya,
takalmin roba har gwiwa, allon gilashi a hammata.
Ta ce, "Pak Darsono, zo ka ga garinku daga sama."

Na gane rufin kwanona, na gane kasuwar kifi,
amma an shafe su da ja wur kamar garwashi.
Wai tauraron ɗan'adam ya gifta jiya muna barci,
hadari bai rufe masa ido ba,
ya auna ƙasa yadda tela ke auna kafaɗa,
hoto ya iso tun shinkafar safe ba ta nuna ba.

"Teku na hawa, ban musa ba.
Amma ƙasarku ce ke nitsewa, yatsa huɗu a shekara.
Rijiyoyin burtsatse sun tsotse mata ciki."

Na ce a ba ni siminti buhu dubu,
in tsayar da katangar da jikokina za su jingina.
Ba ta ce uffan ba, ta ja allon da yatsa:
ga katangar maƙwabta, bara aka sha bikinta,
nauyinta ya danne laka,
tana rigan gidajen da take tsaro nitsewa.
Daren nan abinci ya huce a gabana.

Yanzu gora nake kafawa cikin ruwa,
sahu biyu, a cusa ƙirare tsakani.
Igiyar ruwa ta shigo da laka, ta koma hannu rabbana.
Abokai na dariya, wai magini ya koma mai shinge.

Ran Laraba waya ta yi ƙara:
"Sahu na shida ya ɓalle, hoton safen nan ya nuna."
Na tuƙa kwalekwale ina gunaguni,
na tarar da gora bakwai kwance.
Na ɗaure su, ban gaya wa kowa ba.

Bayan shingen, tsiron bakau uku sun leƙo,
kowanne bai wuce kamu ɗaya ba.
Jan nan bai bar allo ba tukuna.

Jiya jikata Ningsih ta ce in nuna mata
tauraron da ke aiki tare da ni.
Na nuna wanda ya fi haske.
Wataƙila ba shi ba ne.
Ta ɗaga masa hannu, ƙafarta cikin ruwa har idon sawu.