Littafin Awo

Ni tela ce a Agege, bayan layin dogo.
Shagona taku huɗu, keke ɗaya, madubi mai tsaga.
In jirgi ya wuce, allurai kan yi rawa a gwangwani.
Na san ƙugun matan layinmu kaf,
amma na ƙanwata Barira
sai da littafin awo ya tona mini.

Babbar Sallah, talatin da biyu.
Bikin Hansatu, ashirin da tara.
Na ce karatu ne, na ce zafin Ikko ne,
na ce danfo ma yana cin naman mutum.
Da damina ta faɗi, ashirin da biyar.
Na rage riga, na sake ragewa,
har abin da nake yankewa ya fi abin da nake bari.

Ba ta taɓa cewa ba za ta ci ba.
"Na ci a makaranta." "Na ci gidan Iya Basira."
Doya takan yanka mitsi-mitsi kamar za ta ba tsuntsu,
ta tura gefen faranti, ta sha ruwa, ta ƙara ruwa.
Wani dare kuma ta cinye burodi biyu a tsaye cikin duhu,
sai famfon bayi ya yi ta zuba,
ta fito ido jawur, wai sabulu ne.
Gashi a mataji.
Rigar sanyi da tsakar rana.

Inna ta ce sammu ne, aka kawo rubutu;
ta shanye, tunda ruwa ne.
Baba ya ce shagwaɓa ce,
a garin da wasu ke kwana ƙarƙashin gada da yunwa.
Ni kuwa, ni ce na taɓa ce mata gaban ƙawaye,
"Ƙibar nan taki za ta cinye mini yadi."
Aka yi dariya. Ita ma ta yi.

Ran nan na same ta gaban madubin,
ta kamo fatar cikinta da yatsu biyu:
"Yaya, dubi."
Na duba, haƙarƙari na gani.
Ita buhu take gani.

Da na ambaci Yaba, Inna ta toshe mini baki.
Na ce, Inna, ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Madam Adunni ta yi bautar ƙasa a Gusau,
Hausarta na ɗingishi amma tana isa inda za ta.
Ba ta ajiye faranti ba, ba ta yi wa'azi ba.
Ta ce, "Muryar nan da ke hana ki ci, me take ce miki?"
Fanka ta juya, ta juya.
Can Barira ta buɗe baki,
abin da ya fito ya fi shekara biyu yana jiran ƙofa.
Aka gwada jini, aka saurari zuciya,
aka ce cuta ce mai suna, kuma ana warkewa.
Ni aka ba ni nawa aikin:
kada in ƙirga loma, kada in yabi rama,
in zauna kawai, mu ci tare.

Kowace Laraba muna ratsa cunkoson Oshodi.
Wani mako gaba, wani mako baya.
Akwai daren da famfo ya sake zuba,
ta gaya mini da bakinta da safe,
wannan ma Madam ta ce tafiya ce.

Jiya ta ci masa ɗaya da rabi tana ba ni labarin malaminsu,
ba ta lura ba, ni ma na yi kamar ban lura ba.

Tef yana rataye a ƙusa, na daina kusantar ta da shi.
Rigar Sallar bana da ido na yanka.
A ciki, inda ba a gani,
na bar kalmasa mai faɗi.