Kujerar Ikeja

Shekara ashirin da shida ina ɗaga mutane,
na gadon jikin taga da na bakin ƙofa,
mai karaya, mai shanyewar ɓarin jiki,
har ƙaton direban tirelar nan na Apapa
da mu huɗu muka juya shi yana ba mu haƙuri.
Daren ne wani abu ya ce ƙas a gadon bayana.
Ban gaya wa kowa ba.
Na miƙa aiki da safe, na hau danfo a Idi-Araba,
duk ramin da muka faɗa a hanyar Mushin
sai na ji shi har cikin haƙori.

Likita ya ɗaga hoton ƙashina ga hasken taga,
yaron da ni na koya wa neman jijiya
lokacin da hannunsa ke rawa kamar mazari.
Ya ce, "Sista Larai, ƙashi biyu sun cinye juna.
In kika ci gaba, ke za mu koma juyawa."
Na yi dariya a gabansa.
Kukan, a ɗakin ajiye magani na yi shi.

Remilekun ta bar ɗakin tiyata bara,
tana duba yara a wata makaranta a Lekki:
gwiwar da ta ƙuje, ciwon cikin ranar jarrabawa,
ƙarfe biyu ta rataya jaka. Har wuya ta yi.
Nkiruka kuwa takardu take bi da jan biro
a kamfanin inshora, hawa na tara,
ta ce sanyin ofis kaɗai ke damunta,
amma ta tambaye ni marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya.
Shugabarmu ta ce in koma koyarwa,
ga ɗalibai, ga mutum-mutumin roba a kan gado,
ba nauyi, ba nishi, ba kuma "Allah ya saka."

Na kwana bakwai ina juyi a Agege.
Maigida ya ce, "Ko jaki, in ya kai gida, sauke masa ake."
Na harare shi. Ya ce bai ce ni ce jakin ba.
Abin da ban iya faɗa masa shi ne:
in na zauna, wace ce ni?
Ƙafa na san aikin nan da ita, da kafaɗa.

Yanzu kujera gare ni a Ikeja,
da matashi a baya, da waya saƙale a kunne.
Mako na uku, ƙarfe biyu na dare, ruwa na dukan kwano,
wata ta kira daga Alaba Rago,
tana harhaɗa Turanci kamar mai tsintar gero.
Na ce, "Yi Hausa, 'yar nan."
Ta yi shiru, sai kuka.
Ɗanta ne, wata bakwai, tari kawai, in ji ta.
Na ce, "Kara wayar a ƙirjinsa, ki yi shiru."
Na rufe ido, na ƙirga.
Numfashin gudu yake, da ɗan fito a ƙarshe.
Na san fiton nan. Na sha jin sa a gado na huɗu.
"Kar ki jira asuba. Buga wa mai keke ƙofa.
Ki ce musu iska yake buƙata, ki faɗa da ƙarfi."

Bayan kwana biyar ta sake kira.
Ba ta san sunana ba, ta ce a ba ta mai Hausar nan.
A bayanta ina jin yaron yana ƙwala ihu,
ihu cikakke, na mai huhu biyu.

Ban ɗaga kowa ba daren nan, ko cokali.
Farin takalmina na nan ƙarƙashin gado,
ban kyautar ba, ban kuma goge shi ba.
Har yau ƙarfe huɗu da rabi nake farkawa,
in lallaɓa in tashi da gefe,
yadda na shekara ina gaya wa wasu su yi.