Yadi Shida a Farashin Huɗu

Nafi'u ne ya nuna min, ɗan ƙanwata,
yana murza waya da babban yatsa:
"Inna, Legas zuwa Kaduna dubu ɗari da tamanin.
Legas zuwa Kano, ta Kaduna, ɗari da ashirin.
Jirgin ɗaya ne, kujerar ɗaya.
In ya tsaya sauke mutane, ki bi sahunsu ki fice."

Shekara ashirin da uku ina yankan leshi a Babbar Kasuwa,
ban taɓa jin yadi shida ya fi huɗu araha ba.
Na ce, to, ashe sama ma tana da gwanjo.

Na sauka lafiya.
Na tsaya inda kaya ke zagayowa,
kowa ya sunkuya ya ɗauki nasa,
har wurin ya koma ni da mai shara.
Akwatina ya wuce Kano,
da ankon bikin 'yar Hajiya Kande a cikinsa.
Shi ya cika alkawarin tikiti,
ni na saɓa.

Yarinyar kanta, Rifkatu aka rubuta a ƙirjinta,
ta ce sai na cika dubu sittin.
Na ce, 'yata, ƙwaryar fura na saya,
na sha rabi, na bar muku saura.
Wa aka cuta?
Kujerata ta je Kano ba nauyin kowa,
ko ruwan gorarku ban sha na biyu ba.

Ta ce, "Mama, mu ba nisa muke sayarwa ba."
Na ce, to me kuke sayarwa?
Ta juyo min takarda,
rubutu kamar ƙwan tururuwa,
wai na amince da shi tun ranar da Nafi'u ya danna.
Manaja yana taro. Kullum yana taro.

Da ta ga layi ya watse ta rage murya:
"Ni ma in za ni gida mota nake shiga."

Wayar Nafi'u a kashe.

Asuba ta same ni a tashar Kawo,
gwiwata a matse da buhun wani.
Direba ya ce na Zariya kaza, na Kano kaza,
kowa kuɗinsa daidai nisansa,
har na ji kamar in yi masa godiya.

Wajen Jaji wani jirgi ya gifta ta kanmu.
Ban ɗaga kai ba.
Ina lissafin riba da yatsu,
yatsun suna komawa baya.