Rabin Kufena

Zauna nan, Nafi'u, a inuwar falalen nan,
gwiwata ta ce iyakarta ke nan yau.
Ga Wusasa can ƙasa, kwanon rufi na ƙyalli,
rimaye sun koma kamar tsintsiya a tsaye.
Kai kuwa sai haki, ba mu ko kai rabi ba,
kai da ka ce wata mai kamawa
za ka ƙasar da duwatsunta ke tokare da gajimare.

Shekara talatin da ɗaya ina jan sarƙar awo,
daga Filato har bayan Gembu.
Ban tara kuɗi ba, tabo na tara.
Matso in raba maka gādon tun ina numfashi.

Takalmin da ka sayo jiya a Sabon Gari,
kada ka kai shi baƙunta yana ango.
Sa shi ka taka har Samaru, ka dawo a ƙasa,
ya cije ka a nan, inda uwarka ke da man kaɗe.
Safa busassa a leda, kamar kuɗin ajiya.
Ka yanke farce. Dariya kake?
Gangara ce ke zare na babban yatsa,
nawa ɗaya yana can, ban koma ɗauko shi ba.

Jakar nan zazzage ta a tabarma,
rabin kayan ka bar wa ɗakinka.
Bayan la'asar ko cokali dutse ne.
Dabino da ƙuli-ƙuli sun fi gwangwani amana,
ɗan gishiri a ƙulli, tocila da batirin canji,
da rigar sanyi, ko rana na dukan ƙeya,
don can sama zafi da ɗari katanga ɗaya suke.

Sha ruwa tun ƙishi bai yi sallama ba.
Ƙoramar da ka gani garau kamar idon jinjiri,
wa ya san abin da ya mutu a samanta?
Tafasa.

Muna da wani, Iliya Ɗantsoho,
dogo, ƙafa kamar ta zalɓe.
Ya ce ɗan jagoranmu yaro ne, ga shi da silifa,
ya wuce gaba yana fito.
Gajimare ya sauko ya haɗiye hanya,
har hannunka ba ka gani.
Kwana ya yi rungume da dutse yana kiran sunayenmu.
Da asuba yaron mai silifa ya samo shi
taku ashirin daga bakin rami.
Tun ran nan Iliya bai sake fito ba.
In an ba ka ɗan gari, bi dugadugansa,
ka biya shi da kyau, ka tambayi sunan ƙauyensu.
Taswira ta san dutse, ba ta san halinsa ba.

Tsayin da za ka, ni ban taɓa kai shi ba,
ba zan yi maka ƙaryar tsufa ba.
Amma na ji daga waɗanda suka je:
iskar can ba ta ƙosar da ƙirji.
Hau kaɗan, kwana, hau kaɗan.
In kai ya sara, ciki ya juya, barci ya ƙi,
sauko. Dutse ba ya ƙaura,
baɗi ma yana nan inda ka bar shi.

Ka faɗa wa wani inda ka nufa da ranar dawowa.
Waya takan mutu inda aka fi bukatarta.

In ka kai ƙololuwa, yi hamdala, kada ka daɗe,
rabin tafiya ke nan, rabin mai sauƙi.
Mu ba hoto muke jira ba,
ƙarar takalminka muke jira a zaure.

To, inuwa ta miƙe, shanu sun juya gida.
Ba ni sandata. A'a, ba ni kafaɗarka.
Hawa kowa ya iya, har kadangare.
Darasin yau sauka ne:
lanƙwasa gwiwa, gajarta taku,
ka dubi inda za ka sa ƙafa,
garin ba zai gudu ba.